Karen Rasha a Saman Tudun Wada

Jiya jikata Hadiza ta miƙo mini waya ta ce, "Kaka, duba nan. Gobe za a harba roka, ga taswirar garuruwan da za su hange ta, ga kuma mintin da za ta bayyana." Ta dangwala yatsa sau biyu, ta ce wai shi ke nan. Shi ke nan! Na kasa zama. Na tashi na zagaya tsakar gida, na dawo, na sake tashi, har ta tambaye ni ko ciwon ƙafar ne ya motsa. Ba ƙafa ba ce. Wannan "shi ke nan" ɗin ne ya tsaya mini a wuya, don ni na san mutumin da ya yi irin wannan lissafi da ƙwallon duniya na makarantar firamare da wayar ƙafar keke, alhali abincin tsufansa na rataye a kan amsar. To ku matso, ku da kuke ganin duban sama aikin malalata ne.

Sunana Isiyaku, ni mai awon iska ne. A farkon shekarun hamsin aka ɗauke ni aiki a wani ɗan ɗakin kwano da ke gefen filin jirgin Zariya, ina kwana a Tudun Wada, ina zuwa a kan keke. Aikinmu mu auna zafi, mu auna ruwan sama, mu san inda iska ta dosa, mu buga waya zuwa babban ofis. Da abin da muka aika matuƙin jirgi ke sanin ko ya taso ko ya haƙura.

Sakin balan-balan shi ne aikin farko da aka koya mini. Za ka cika ta da wata iska da muke dafawa a tukunyar ƙarfe, mai wari, wadda ko ƙyallin ashana ta gani sai ta tashi da rufin ɗakin. Ka sake ta, ta yi sama. Daga nan aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana kan madubin awo, wani tabarau mai ƙafa uku da ƙusoshin murzawa biyu, ɗaya na kai shi hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa, kowane murɗi ɗaya cikakke digiri ɗaya ne. Na biyun yana riƙe da agogon dannawa da 'yar ƙararrawa. Duk minti ɗaya sai ya kaɗa, na kan madubi ya faɗi lambobi biyu, shi ya rubuta. Daga waɗannan lambobi ake fitar da gudun iska a kowane hawa na sama. In balan-balan ta kuɓuce maka, ba ta dawowa ta ba ka haƙuri, aikin ranar ya tafi.

Wanda ya koya mini shi ne Mista Obiora, mutumin gabas, wanda ya zo Arewa tun yana saurayi, Hausa a bakinsa kamar a Ƙofar Doka aka yanke masa cibiya. Gajere ne, mai tsabta, mai faɗa. Wata uku na farko bai bar ni na leƙa madubin ba. Sai ya ɗaure mini ido da hankici ya ce, "Murɗa bakwai zuwa dama, uku da rabi sama." In na gama ya duba, ya ce na zarce da kwata, a sake. Wata rana na gaji na ce, "Oga, ai aikin na ido ne, me ya kawo ɗaure ido?" Ya ce, "Ranar da rana za ta sa idonka hawaye, balan-balan za ta tsaya ta jira ka goge? Koya wa yatsunka, Isiyaku. Sake." Na sake, ina zaginsa a zuci. Allah ya yafe mini.

Abu na biyu da ya dasa mini shi ne zancen agogo. A bangon ɗakinmu akwai agogon da ke bayan na gari da awa ɗaya cur, don duk masu awon iska na duniya da lokaci ɗaya suke aiki, ko ina suke. Duk abin da ke cikin littafinmu da takardun waya, da wannan agogo ake rubuta shi. Wato kullum ina rayuwa da lokaci biyu, in fita gida ƙarfe bakwai in isa ofis shida da rabi. Mista Obiora ya ce duk lokacin da zan faɗa wa wani na waje lokaci, in faɗe shi sau biyu a raina tukuna, na ofis da na gari. Na ce na ji.

Masu cin moriyarmu a takarda matuƙan jirgi ne, amma waɗanda suka fi damuna ba su taɓa shiga jirgi ba. Da na sauka daga keke a bakin rumfar Malam Tanimu wanzami za a yanyame ni. Mai yin tubali na son ya san ko ya shanya. 'Yan gyaɗa na son su san ko su rufe buhuna. Akwai ranar da wani magini ya tambaye ni, na dubi sama na ce ya sha kuruminsa, ba ruwa sai jibi. Kafin la'asar tubalinsa ya koma taɓo. Ya bi ni har gida, bai zage ni ba, ya dai tsaya a zaure yana kallona, abin da ya fi zagi ciwo. Tun daga ranar Malam Tanimu ya raɗa mini suna Sarkin Hadari. Matsalata ita ce bakina ya fi ni sauri, kuma ina son a ce na sani.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce ta alif ɗari tara da hamsin da bakwai. Tun farkonta na lura Oga ya fara barin balan-balan ta kuɓuce masa a minti na huɗu, mutumin da a da yake bin ta har minti arba'in, sai ta zama kamar ƙwayar gero. Ya ce madubin ne ya yi datti. Na goge. Washegari haka. Rana ta uku ya zauna a kan akwatin kayan aiki ya ce, "Rufe ƙofa." Ya buɗe idanunsa da yatsu ya ce in duba. Yanar ido ce, fara-fara, ta rufe na dama, ta kama hanyar na hagu.

Ku fahimci abin da wannan ke nufi. Dokar aiki ta ce babban ma'aikaci shi ne a kan madubi. Wanda idonsa ya gaza, likitan gwamnati zai sa hannu a sallame shi, kuma wanda aka sallama bai cika shekarunsa ba, babu fansho. Mista Obiora ya ba aikin nan ƙuruciyarsa duka, saura kaɗan ya cika. Ba shi da gona a nan, ba shi da kanti, sai matarsa da ke suyar ƙosai a bakin titi a Tudun Wada, wadda duk unguwa ke kira Madam, ni kuwa ina ce mata Mama.

Sai muka yi musaya, ba wanda ya sani. Ni a kan madubi, shi da ƙararrawa, yana jin bugun agogo a kunne yana ƙirgawa. In na faɗi lambobi ya lissafa a ka, kafin in kai fensir kan takarda ya ba ni amsa. Abin da muke tsoro ɗaya ne, Baturen da ke zuwa daga Kaduna duba aiki, wanda muke kira Mai Lofe don ba a raba bakinsa da lofe. Ba ya sanar da zuwansa. Da mun ji ƙarar mota sai mu yi wuf mu sauya wuri, Oga ya manna ido a madubi, ni in tsaya a inda zan iya satar kallon lambobin. Wata da watanni ban yi barci mai daɗi ba, ko kurciya ce ta tashi a kan kwano sai gabana ya faɗi.

Da damina ta ɗauke, saura wata takwas Oga ya cika, sai rediyo ta ce mutanen Rasha sun harba wani ƙarfe sama yana zagaya duniya, wai shi tauraron ɗan Adam. Kafin mu gama mamaki suka harba na biyu, wai har da kare a ciki. Tudun Wada ta ɗauka. A rumfar wanzami ba a zancen komai sai shi. Malam Tanimu ya tsaya da aska a hannu, kan wani rabi a aske, ya ce, "Yanzu fisabilillahi muna salla kare na wucewa ta saman kanmu? To in ya yi fitsari fa, ina hukuncin alwala?" Wasu suka ce ƙaryar Turawa ce. Aka juyo kaina, tun da ni ne mai duban sama.

Kwana kaɗan sai ga takardar waya daga babban ofis. Ta ce gangar rokar da ta ɗauki tauraron na biyu tana manne da shi, don haka ana iya ganinsa da ido, kowace tasha ta sa ido ta aiko da rahoto. Ta ba da ranar Laraba, ƙarfe shida da minti ashirin, a matsayin lokacin da ake zaton zai bi ta yankinmu. Oga ya yi mini bayanin abin da ya sa ba a ganinsa ko yaushe. Ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Da rana sama ta yi haske da yawa, da dare ya yi nisa kuma ya shiga inuwar duniya. Sai a ɗan tsakanin nan, mu muna cikin duhu shi yana can sama rana na dukansa. Ya ce mu yi shiru mu duba mu biyu daga ofis.

Ni kuwa ina? Da yamma na dira a rumfar Malam Tanimu da takardar a aljihu, na zaro ta kowa ya ga tambarin gwamnati, na karanta musu: Laraba, shida da minti ashirin, da an sallame magariba kowa ya fito filin bayan makaranta. Ban faɗa sau biyu a raina ba. Ko sau ɗaya ban faɗa ba.

Ranar Laraba na roƙi Oga ya bar ni in duba daga unguwa. Bai san abin da na shuka ba. Filin ya cika, har daga Tudun Jukun da Kongo an zo, wasu da tabarmi, wasu sun goyo tsofaffi a keke. Aka ɗaga kai. Wuya ya ƙage. Ba komai sai jemagu. Ina kai ina kawowa ina cewa a ƙara haƙuri. Da aka kira isha'i mutane suka watse suna tsaki, ni ma na bi sahu, ina jin kamar ƙasa ta tsage. Muna cikin salla, a raka'a ta biyu, sai na ji muryar mace daga bakin titi tana ihu, "Ga shi! Ga shi can!" A nan cikin sahu lissafin ya faɗo mini. Shida da ashirin na ofis, bakwai da ashirin ne na gari. Kafin a sallame ya wuce. Duk Tudun Wada ba wanda ya gan shi sai Madam mai ƙosai, ita kuma ba wanda ya yarda da ita, aka ce rufa wa yaron mijinta asiri take yi.

Da safe ko keke ban iya hawa ta gaban rumfar ba. Malam Tanimu ya ɗaga murya, "Sarkin Hadari, ina karen naka? Ko ya tsaya cin ƙashi a hanya?" Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne labarin ya bi bakin ma'aikata har Kaduna, cewa ofishin awon iska na Zariya ya tara jama'a a kan ƙarya. Ranar Juma'a muka ji ƙarar mota.

Mai Lofe bai zauna ba. Da Hausarsa ta littafi ya ce, "Tasha wadda ba ta san agogonta ba, yaya zan gaskata iskarta?" Na ce laifina ne ni kaɗai. Ko kallona bai yi ba. Ya ce babban ofis ba zai sake aiko da lokaci ba, mu lissafa da kanmu, mu buga masa waya, zai zo. A filin da muka kunyata ofis, nan za mu wanke shi. Sannan ya nuna Oga da bakin lofe ya ce, "Kuma kai za ka kama shi a madubi, Mista Obiora, ni zan tsaya kusa da kai." Da motar ta tafi na kasa ɗaga kai. Mutumin da ba ya ganin balan-balan da tsakar rana, shi za a sa ya kamo ɗigon haske da magariba, Bature na tsaye a kafaɗarsa, kuma ni na jawo. Na ce, "Oga, ka yafe mini." Ya ce, "Yafiya sai an gama aiki. Ɗauko madubi, mu je wurin Mamanka."

Awon shaidar Madam shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Muka sa ta tsaya daidai inda kaskonta yake zama, na kafa madubi a wurin. Ta ce ya fito ta wajen Samaru, ta hagu da babban rimin nan na bayan makaranta, ya bi ta saman kanta kaɗan ta yamma, ya dushe kafin ya kai saitin birni. Duk inda ta nuna da ludayi sai in auna in faɗa wa Oga. Ya tambaye ta sau biyar, ta fusata ta ce, "Maigida, shekara nawa ina gane ƙosan da ya soyu daga nesa? Abin da na gani na faɗa." Saura lokaci. Ba ta da agogo. Ta ce abin da ta sani shi ne liman ya ɗaga kabbarar tashi zuwa raka'a ta biyu lokacin da hasken ke kan rimi. Don haka kwana biyu ina zuwa isha'i da agogon dannawa a aljihu, ina auna liman. Allah ya gafarta mini waɗannan salloli, don hankalina na kan aljihu. Kuma liman bai taimake ni ba, ran farko ya ja doguwar sura, ran na biyu gajera.

Sauran aikin a ofis muka yi shi, da rana, tagogi a rufe. Na aro ƙwallon duniya wurin hedimastan makarantar firamare. Mai gyaran keke ya lanƙwasa mana wayar ƙafar keke ta zama zobe, muka zura ƙwallon a ciki a karkace, zoben shi ne hanyar tauraron. Fitilar ƙwai ita ce rana. Tauraron na zagaye ɗaya cikin awa ɗaya da kusan kwata uku, kafin ya dawo duniya ta juya a ƙarƙashinsa, don haka kowane zagaye ta wani gari yake bi. Abin da ake nema shi ne zagayen da zai faɗo kusa da Zariya a daidai ɗan tsakanin nan na bayan magariba. Na manna ƙwayar dawa da ƙaro a kan Zariya don Oga ya riƙa jin ta da yatsa. Ina juya ƙwallon, yana shafa waya, yana ƙirga a ka, yana sa ni rubutawa. Sau uku muka yi daga farko. Na kasa cin abinci, na kasa zama, sai zagaya teburin nake yi har ya daka mini tsawa ya ce ina girgiza masa duniya.

Ranar Lahadi bayan Oga ya dawo daga coci ya ce, "Gobe Litinin. Bakwai saura minti goma." Sannan ya ce, "Na wane agogo?" Na ce na gari. "Na ofis fa?" Na ce shida saura minti goma. Ya sa na maimaita sau uku kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce wannan karon ta dama da rimin zai fito. Na buga wa Mai Lofe waya. Da na dawo na ce, "Oga, lissafi ya yi, amma madubin fa? Bari in ce masa kana zazzaɓi, ni in duba." Ya ce, "In na yi zazzaɓi gobe, jibi likita zai duba ni, har da ido. Kai dai ka kafa ƙafafun daidai, ka saita madubin a kan ƙololuwar rimi, ka riƙe ƙararrawarka." Ni kuwa na kwana ina juyi.

Litinin jama'ar ta ninka ta Laraba, amma ba tauraro suka zo gani ba, kunyata suka zo kallo. Liman da kansa ya fito bayan magariba ya tsaya a gefe. Madam ta kawo kaskonta bakin filin. Na kafa ƙafafun madubin a inda muka yi awo, bakin titin da ke gefen filin, na daidaita, na saita shi a kan rimi. Mai Lofe ya iso ya tsaya dab da shi, agogo a tafin hannu.

Oga ya matso a hankali, cikin farar riga da aka goge. Ya ɗora yatsu a kan ƙusoshin. Bai sunkuya ya leƙa ba. Na ga leɓɓansa na motsi, murɗi goma sha ɗaya zuwa dama, ashirin da uku sama, da ɗan rabi. Ya ɗauke hannu ya ja da baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, in na bi shi da idona na kama, za ka ce sa'a ce, kowane mai ido zai iya. Abin da ka zo gwadawa lissafi ne. Na ajiye madubin a inda zai bi. Kai ka sa ido, kada ka taɓa komai, zai zo ya same ka." Mai Lofe ya dube shi ya daɗe. Da ya ce a'a, da an gama da mu a nan take. Sai ya gyara lofensa zuwa gefen baki, ya sunkuya.

Oga ya koma gefe, ya daidaita ƙafarsa da ƙafar madubin, ya ɗaga hannu ya miƙa yatsa dama da rimin. Duk filin aka bi yatsan da ido. Na kaɗa ƙararrawa, bakwai saura goma. Ba komai. Na ƙirga sittin na sake kaɗawa. Ba komai. Aka fara gunaguni. Ƙararrawa ta uku, Malam Tanimu ya ce, "Jama'a, a tafi a yi alwala, karen nan ya saba zuwa sai an tada salla." Aka fashe da dariya. Na ji ƙaurin ƙosai yana ƙonewa, Madam ta manta da shi. Na tuna doguwar surar liman, na tuna gajerar, ban san da wacce Oga ya yi aiki ba. Oga dai bai sauke hannunsa ba. Gumi ya jiƙa mini riga har agogon na neman suɓucewa.

Ban kai ga kaɗa ta huɗu ba wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu!" Ga shi nan, dab da kan yatsan Oga, ɗigon haske yana tafiya a natse, ba ƙara, ba hayaƙi. Filin ya ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Da Oga ya ji ihun sai na ga leɓɓansa sun koma ƙirga, yatsan ya fara tafiya a hankali yana hawa sama, hasken na biye da shi kamar akuya da mai ita. Can Mai Lofe ya yi wata ƙara da Turanci, lofen ya faɗi ƙasa. Tauraron ya shiga madubin, ta gefe-gefe, amma ya shiga. Ya bi ta samanmu, ya dushe wajen birni, daidai inda yatsan ya tsaya.

Malam Tanimu ya ratso jama'a ya kama hannun Oga da hannu biyu ya ce, "Mista, na rantse duk Zariya ba mai kaifin idonka. Mu ba mu gan shi ba kai ka riga ka nuna shi!" Oga ya ce, "Na gode, Malam." Mai Lofe ya buɗe littafin rahoto a kan motarsa ya rubuta lokaci, ya miƙa wa Oga alƙalami ya sa hannu. Duhu ya fara, na ga alƙalamin na yawo a saman takardar yana neman layi. Sai Baturen ya kama bakin alƙalamin ya ɗora shi a kan layin, yana kallon wani wuri dabam, kamar mai gyara abin da ya karkace. Ya rufe littafi, ya tsinci lofensa, ya shiga mota. Bai ce komai a kan idon Oga ba a ranar, bai kuma taɓa cewa ba.

Bayan wata takwas Mista Obiora ya karɓi takardarsa cikakkiya, da fanshonsa, muka raka shi tashar jirgin ƙasa shi da Mama. Ni na gaje shi, na yi shekara talatin da ɗaya a aikin, kuma duk wanda na koya wa sai da na ɗaure masa ido da hankici. Amma ba wannan nake son ku riƙe ba, Hadiza, ke da wayarki.

A yammacin Litinin ɗin nan, da aka kira isha'i filin ya watse, ina naɗe ƙafafun madubi, Oga na tsaye inda yake, fuskarsa a sama. Ya ce, "Isiyaku." Na ce, "Na'am, Oga." Ya rage murya don kada matarsa ta ji. "Yaya yake?"

Na ajiye abin da ke hannuna. Ban taɓa jin tausayin mutum da girmansa sun haɗu sun danne ni kamar lokacin ba. Na ce fari ne, ya ɗan yi ja-ja, yana ƙara haske yana ragewa kamar mai numfashi. Ya ce, "Juyawa yake yi ke nan." Sai ya ƙara tambaya, "Ta dama da rimin ya fito?"

"Ta dama, Oga."

"Da nisan me?"

Na miƙa hannu na gwada a sama. Na ce, "Faɗin yatsa biyu."

Ya girgiza kai. Ya laluba ya dafa kafaɗata don in ja shi zuwa gida.

"Yatsa ɗaya na lissafa," in ji shi. "Kada ka mayar wa hedimasta ƙwallonsa tukuna. Gobe da safe mu nemo inda muka yi kuskure."